Yadda Ake Gane Ƙwararren Likitan Tiyatar Gyaran Jiki

A ƙasar Ɗandume, kamar sauran garuruwan yankin Funtuwa, kuɗi ba ya zama a hannun manomi sai da kaka. Idan an casa masara, an kai dawa da waken suya kasuwa, a lokacin ne ake biyan bashin taki, a ɗaura aure, a kuma tuna da lalurorin da aka jingine tun damina. Daga cikin waɗannan lalurori akwai yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, da yarinyar da ta faɗa wuta cikin hunturun bara har tabon ƙunar ya ɗaure mata gwiwar hannu, da saurayin da injin casa ya taɓa wa yatsu, da budurwar da hujin kunne ya zame mata ƙullutu kamar goro. Dukkansu suna bukatar irin aikin da ake kira tiyatar gyaran jiki, kuma magidancin da zai kai su ba shi da kuɗin yin aikin sau biyu. Fiye da haka ma, fuskar da aka ɓata a aikin farko ta fi wuyar gyara a aiki na biyu. Saboda haka wannan darasi zai duba yadda ilimin yake, sannan ya nuna yadda mai karatu zai bambanta wanda ya san aikin da wanda ya rataya allo kawai.

Mene ne wannan fanni?

Turawa suna kiran fannin da suna mai kalmar filastik a ciki, abin da ya sa wasu ke zaton roba ake liƙa wa mutum. Ba haka ba ne. Kalmar ta samo asali daga Girkanci, kuma ma'anarta ita ce mulmulawa ko siffantawa, kamar yadda maginiyar tukwane ke sarrafa yumɓu. Mafi yawan abin da likitan ke aiki da shi naman jikin majinyacin ne da fatarsa.

Fannin ya kasu gida biyu. Akwai tiyatar maido da halitta, wato gyara abin da aka haifi mutum da shi a tauye, ko abin da wuta ko hatsari ko cuta suka ɓata. Akwai kuma tiyatar ƙawa, wadda ake yi wa lafiyayyen mutum don yana son sauya wata siffa tasa, kamar zuƙe kitsen ciki ko ƙara girman wani sashe na jiki. Horon da ake bukata ɗaya ne, hatsarin ma iri ɗaya ne. Bambancin shi ne mai neman ƙawa ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa lafiya lau, don haka duk abin da ya same shi a can hasara ce zalla.

Aikin ya daɗe a duniya. Tsohon littafin likitancin Indiya da ake jingina wa Sushruta ya bayyana yadda ake gina wa mutum sabon hanci da fatar fuskarsa. A 1597 wani likita na birnin Bolonya a Italiya, Gaspare Tagliacozzi, ya wallafa littafi kan gina hanci da fatar damtse. Amma tsarin zamani ya kafu ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da Harold Gillies ya jagoranci wani asibiti da aka buɗe a garin Sidkof na Ingila a 1917, inda aka gyara fuskokin sojoji fiye da 5,000 da harsashi ya ragargaza. A tarihin Musulunci kuwa malaman hadisi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, aka yi masa izinin sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar da ke kawar da aibi ko maido da amfanin gaɓa, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta bisa son rai kawai. Wanda yake da shakka kan tasa lalurar sai ya tuntuɓi malaminsa.

Yadda rauni ke warkewa

Ba za a fahimci dalilin da ya sa aikin ke bukatar dogon horo ba sai an san abin da ke faruwa bayan wuƙa ta ratsa fata. Ɗaliban ilimin halittu su lura da wannan sashe.

Da zarar an yanka fata, jini yakan daskare ya toshe bakin ciwon. Cikin kwanaki uku zuwa biyar na farko wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi, domin fararen ƙwayoyin jini sun taru suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Daga nan sai wasu ƙwayoyin halitta su fara saƙa wani zare mai suna kolajin, sababbin ƙananan hanyoyin jini su tsiro, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe wurin. Wannan yakan ɗauki kimanin mako uku. Mataki na ƙarshe shi ne mafi tsawo: jiki yakan yi ta warware zaren yana sake saƙa shi har tsawon shekara guda ko fiye, kuma duk da haka tabo ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Wato babu tiyatar da ba ta barin tabo. Gwanintar likita ita ce ya san inda zai ɓoye shi. A 1861 wani masani na birnin Biyana, Karl Langer, ya nuna cewa fata tana da layukan da take miƙewa a kansu, kamar yadda itace ke da sashen da yake tsagewa cikin sauƙi. Yankan da ya bi waɗannan layuka, ko ya kwanta cikin wata ninkewar fata, yakan warke siriri. Wanda ya gitta su yakan buɗe ya yi faɗi.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta rauni da ke jawo wa masu ƙuna wahala. Babban ciwo yana jan gefunansa zuwa tsakiya don ya rage faɗinsa. Idan ƙunar ta faɗa a kan gaɓa, kamar wuya ko hammata ko gwiwar hannu ko yatsu, wannan jan yakan naɗe gaɓar ta kasa miƙewa. Maganin wannan shi ne a yanke tabon a saki gaɓar, sannan a rufe gurbin da sabuwar fata.

Hanyoyin rufe gurbin iri biyu ne. Na farko shi ne dashen fata: a fere siririyar fata daga cinya, a shimfiɗa ta kan ciwon. Wannan fata ba ta da jijiyar jini tata. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko tana rayuwa ne da tsotsar ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasanta, sannan hanyoyin jini su fara haɗuwa, kafin mako ya cika ta kama. Manomi zai gane wannan da sauri, domin daidai yake da dashen tumatir ko shinkafa: idan ƙasar ba ta da kyau, ko aka motsa shukar kafin ta yi saiwa, ta mutu. Jini da ya taru a ƙasan dashen, ko ruɓa, ko motsi, kowannensu yana kashe shi. Na biyu shi ne a ɗago yanki na fata da nama tare da jijiyar da ke ciyar da shi, a juyo shi zuwa inda ake bukata ba tare da an tsinke jijiyar ba. Da haka ake gina hanci daga fatar goshi har yau. Wanda bai san taswirar jijiyoyin jini ba zai yanke wadda ke ciyar da naman, washegari a tarar ya yi baƙi.

Darasi daga Sakkwato

Mafi girman misalin wannan aiki a ƙasar Hausa yana Sakkwato, a Asibitin Yara na Noma wanda aka buɗe a 1999. Kada manoman Ɗandume su ji sunan su ɗauka an yi musu asibiti: noma a nan kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ke ci yana yaɗuwa, ba ta da dangantaka da fartanya. Cuta ce da ke kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci har da ƙashi. Idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe har tara cikin yara goma da ta kama. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa asibitin tun 2014, kuma aikin kyauta ake yi.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne yadda ake aiki a can. Yaron da ya tsira daga noma ba a shigar da shi ɗakin tiyata ranar da ya zo. Sai an jira ciwon ya lafa gaba ɗaya, an ciyar da shi ya yi ƙarfi, an auna jininsa. Da yawansu muƙamuƙinsu ya ɗaure ba sa iya buɗe baki, abin da ke sa sa musu bututun numfashi ya zama aiki mai hatsari, don haka likitan sa barci yana da muhimmanci daidai da mai riƙe da wuƙa. Gyaran fuska ɗaya yakan ɗauki tiyata biyu ko uku ko fiye, tsakanin kowace da wata watanni. Bayan haka akwai mai koya wa yaro motsa muƙamuƙi, da mai kula da abincinsa, da mai kwantar masa da hankali. A ganina wannan shi ne ma'auni mafi sauƙi da mai karatu zai riƙe: aikin gyaran jiki aikin ayari ne, kuma ba a yin sa cikin gaggawa. Duk inda mutum ɗaya ne ke sa barci, shi ke yanka, shi ke karɓar kuɗi, kuma yana cewa a yi yau, to a juya.

Tsanin da likita ke hawa

Mu ɗauki ɗalibar da ta gama sakandare a Ɗandume tana son ta zama irin wannan likita. Za ta fara da karatun likitanci na shekara shida a jami'a, alal misali a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tsangayar likitancinta ta fara a 1967. A ƙarshe za ta sami digirin da ake taƙaitawa da haruffan MBBS. Sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a babban asibiti ƙarƙashin kulawar manya, sannan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ta yi mata cikakkiyar rajista. Sai shekarar hidimar ƙasa. A wannan matsayi ta zama likita, tana iya duba marasa lafiya, amma ba ta zama ƙwararriya a kowane fanni ba tukuna.

Ƙwarewa tana farawa ne da cin jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Daga nan za ta shiga asibitin koyarwa da aka amince da shi, ta yi shekara biyu zuwa uku tana zagaya sassan tiyata daban-daban, ta ci jarrabawar kashi na ɗaya. Sai kuma wajen shekara uku a sashen ƙuna da gyaran jiki kaɗai, tana rubuta kowane aiki da ta yi ko ta taimaka a kundin da malamanta ke sa wa hannu, ta gudanar da bincike, ta ci jarrabawar kashi na biyu. A lokacin ne za ta sa haruffan FMCS ko FWACS bayan sunanta. Idan aka lissafa, an haura shekara goma sha uku daga barin sakandare, in ba a faɗi jarrabawa ko ɗaya ba kuma jami'a ba ta yi yajin aiki ba.

A lura da abu biyu a nan. Haruffan FWACS da FMCS na likitocin tiyata na rassa daban-daban ne, har da na mafitsara da na ƙwaƙwalwa, don haka sai an tambaya a wane reshe mutum ya ƙware. Na biyu kuma, laƙabin "likitan gyaran jiki" ko "likitan ƙawa" ba digiri ba ne. Kowa yana iya biyan mai fenti ya rubuta masa shi a allo, ko ya sa shi a shafinsa na Instagram ko TikTok. Takardar halartar bita ta mako biyu a Turkiyya ko Dubai, ko da an sa ta cikin firam mai ruwan zinariya, ba ta maye gurbin waccan doguwar hanya. Ƙwararrun fannin a Nijeriya suna da ƙungiyarsu mai suna NAPRAS, kuma 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'a, galibinsu a asibitocin koyarwa suke.

Ba a wannan fanni kaɗai ake gyaran fuska ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi, waɗanda suka fito ta hanyar likitancin haƙori, suna ɗinke tsagaggen leɓe da hanƙa sosai. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna gyaran hanci, na ido kuma suna gyaran fatar ido. Kowannensu ya hau irin wancan tsani a nasa reshen.

Shin akwai masu shiga rigar likita ba tare da sun karanta ba? Akwai. A 2015 aka bankaɗo wani mutum da ya shafe kusan shekara tara yana aiki a matsayin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun wani abokinsa. Idan haka ta faru a Abuja, a ma'aikatar da ke kula da lafiyar ƙasa, to mutumin ƙauye bai yi rashin kunya ba don ya nemi ganin takarda. MDCN tana ba kowane likita lambar rajista da lasisin aiki wanda ake sabuntawa kowace shekara, kuma tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke sauraron ƙorafi. Asibiti mai zaman kansa shi ma dole ne ya yi rajista da hukumomin lafiya na jiharsa.

Kuɗi ba ya sayen tsira

Ranar 23 ga Oktoba, 2005, uwargidan shugaban ƙasar Nijeriya na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a yankin Marbeya na ƙasar Sifen tana da shekara 59, bayan tiyatar zuƙe kitse a wani asibiti mai zaman kansa. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakacin da ya jawo mutuwa, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta kuma hana shi aiki na shekara uku. Abin da ya bayyana a shari'ar shi ne bututun zuƙe kitsen ya zarce cikin kogon ciki, ya huda hanji ya kuma taɓa hanta, sannan aka yi jinkirin gane abin da ya faru da kai ta asibitin da zai iya ceto ta. Kuskure yana iya faruwa a hannun kowane likita. Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne a gane shi da wuri, kuma a sami wurin da ke da kayan tunkararsa.

Wannan labari ya ƙara muhimmanci yanzu da tallan gyaran jiki ya shigo wayar kowace budurwa. Aikin da aka fi tallatawa shi ne a zuƙe kitse daga ciki a ɗura shi a mazaunai. Hatsarinsa a fili yake ga wanda ya karanta zagayawar jini. A cikin tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Idan bakin bututun ya nutsa cikin tsokar ya yaga ɗaya daga cikinsu, kitse zai shiga jini, ya bi ta zuciya ya toshe hanyoyin jinin huhu, mutum ya mutu cikin mintoci, sau da yawa tun yana kan gadon tiyata. Wani rahoton ƙwararru da aka fitar a Amurka a 2017 ya ƙiyasta mutuwar mutum ɗaya cikin kimanin 3,000, adadin da ya zarce na kowace tiyatar ƙawa a lokacin. Daga nan ƙungiyoyin likitoci suka gargaɗi mambobinsu da su tsaya a ƙarƙashin fata kawai, kada su shiga tsoka. A 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta rufe wani wurin irin wannan aiki a Legas bayan ƙorafe-ƙorafen jama'a. Mafi muni kuma su ne masu yin allurar wasu ruwaye da ba a san ko mene ne ba a ɗakin otal ko bayan shagon kitso. Irin wannan ruwa yana bin nama ya watsu, kuma babu likitan da zai iya kwashe shi duka.

Zama na farko da likita

Hanya mafi aminci ga mutumin Ɗandume ba ta da ado. Ya fara da asibitin gwamnati mafi kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, a duba, a ba shi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Mafi kusa shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, kafin ma a shiga Samaru. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Layi yana da tsawo, ana kuma iya ɗage ranar aiki fiye da sau ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma a can akwai ma'ajiyar jini, da ɗakin kulawa ta musamman, da manyan da ke sa ido kan ƙanana. Game da tsagaggen leɓe da hanƙa, ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama na Nijeriya, don haka a tambaya kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona.

Idan an zauna da likita, a saurari tambayoyin da yake yi kafin a saurari alkawuransa. Ƙwararre zai tambayi hawan jini da ciwon sukari da sikila da asma. Zai tambayi ko ana shan taba, domin sinadarin nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini har naman da aka dasa ya mutu. Zai tambayi magungunan da ake sha, har da na gargajiya, saboda wasu suna tsinka jini. Mace kuma zai tambaye ta man da take shafawa, kuma kada ta ɓoye: yawancin mayukan bilicin suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, ɗinki ya ƙi kamawa, ciwo ya ƙi warkewa. Zai sa a auna jini. Idan jariri ne mai tsagaggen leɓe, akwai tsohuwar ƙa'ida da likitoci ke tunawa da ita da lamba goma: ya kai mako 10, nauyinsa ya kai fam 10, wato kusan kilo 4 da rabi, ma'aunin jan jininsa kuma ya kai 10. Tsagar hanƙa kuwa ana son a rufe ta wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kafin yaro ya kafa harshe, in ba haka ba maganarsa za ta riƙa fita ta hanci.

Shi ma majinyaci ko uban yaro yana da nasa tambayoyin, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da hatsarin kowace, cikin harshen da yake ji. Ya tambaya: Likita, a wane asibiti aka horar da kai a wannan fanni? Sau nawa ka yi irin wannan aiki? Wane ne zai sa barcin, kuma mene ne matsayinsa? Akwai iskar oksijin da na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna ta? Idan jini ya ɓalle ko numfashi ya tsaya, ina za a kai shi, kuma tafiyar minti nawa ce? Wa zan kira cikin dare? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da wankin ciwo da cire zare da gyara idan ɗinki ya buɗe? Na san a al'adarmu yi wa babba irin waɗannan tambayoyi yana da nauyi. A yi su cikin ladabi, amma a yi su. Wanda ya sha wahalar shekara goma sha uku ba ya jin haushin a tambaye shi inda ya yi karatu, yawanci ma daɗi yake ji. Kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar amincewa sai an karanta ta, ko wani amintacce ya karanta wa mutum.

Hotunan "kafin" da "bayan" da ake nunawa a waya ba hujja ba ne. Ba a nuna waɗanda aikinsu ya ɓaci, haske da tsayuwa suna sauya hoto, kuma tun da tabo yana ɗaukar shekara kafin ya zauna, hoton mako biyu bai faɗi komai ba.

Likitan da ke cewa a'a

Mu koma ga budurwar nan mai ƙullutu a kunne. Abin da ke damunta shi ne tabon da likitoci ke kira keloyid, wanda ke faruwa idan jiki ya ƙi daina saƙa zaren kolajin, tabon ya yi ta girma har ya wuce iyakar ciwon asali. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana bin dangi, kuma ya fi son kunne da ƙirji da kafaɗa da haɓa. Hujin kunne, ko tsagar wanzami, ko ƙurjin aski, kowanne yana iya tayar da shi. Abin da zuciya ke raya wa kowa shi ne a yanke shi a huta, kuma ba za a rasa mai kemis ko wanzamin da zai yarda ya yi ba. To amma yankan shi ma sabon rauni ne a jikin da ya riga ya nuna halinsa. Idan yanka kaɗai aka yi, fiye da rabi sukan dawo, sau da yawa sun fi na da girma. Ƙwararre zai fara da allurar da ake yi cikin tabon kanta duk bayan 'yan makonni don ta lafar da shi. Idan ya yanke, zai haɗa da allurar, da ɗan kunne mai matse wurin na tsawon watanni, wani lokaci har da haska wurin da na'ura. Wani keloyid ɗin kuma, musamman na tsakiyar ƙirji, zai ce a bar shi kada a taɓa. Iyaye sukan fito daga irin wannan zama ransu a ɓace, suna cewa likita ya ƙi taimaka musu, alhali kuwa ya hana su sayen babbar matsala da kuɗin masararsu.

Wanzamai suna da matsayinsu a tarihinmu, kuma da yawansu sun san iyakarsu. Sai dai aska ɗaya da ta taɓa mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan, kuma wanzami ba shi da abin da zai yi idan jini ya ƙi tsayawa.

Ga malamai

Mafi yawan aikin da ke kai mutanenmu gaban likitan gyaran jiki ana iya rage shi tun a sa'ar farko, kuma wannan ya cancanci darasi guda a aji. Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ɗanyen ƙwai da makilin da manja da baƙin mai ba sa warkar da komai, datti suke ƙarawa, kuma sai an kankare su kafin likita ya ga zurfin ƙunar. Idan inji ya cire yatsa, a danne ciwon da ƙyalle a ɗaga hannun sama, a naɗe yatsan cikin ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kullum ake iya mayar da shi ba, amma likita ne zai yanke wannan hukunci, wani lokaci ma fatarsa kaɗai tana da amfani wajen rufe ciwon.

Malamin ilimin halittu yana iya gwada layukan Langer a aji ba tare da kayan aiki ba. Kowane ɗalibi ya tsunkuli fatar bayan hannunsa kusa da wuyan hannu, da farko a tsaye, sannan a kwance, ya lura da wajen da fatar ta fi ninkuwa cikin sauƙi. Daga nan su dubi goshin juna yayin da aka ɗaga gira, da gefen hanci zuwa baki yayin murmushi, su zana fuska a littafinsu su sa layukan da suka gani. Sai malam ya tambaye su: idan akwai ƙari a goshi da za a cire, ta wace fuska ya kamata yankan ya bi, kuma me zai faru da tabon idan aka yi shi daga sama zuwa ƙasa?